Tumatir Ba Ya Jira, Goro Ba Ya Son Gaggawa: Hali da Sana'a a Legas

Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwar Mil 12 da ke Legas a lokacin da tumatirin rani ya kankama ya san cewa ciniki yakan fara ne tun kafin a kira assalatu. Motoci sun taso daga Kadawa da Ɗanja da kewayen Zariya, wasunsu sun ci tafiyar da ta kai kilomita 1,000, 'yan dako suna ta sauke kwanduna, matan Yarbawa 'yan sari kuma sun kewaye kayan suna haska bakin kwando da fitilar waya suna tayawa. A nan ne, shekarun baya, na ga abin da ya sa na daɗe ina juya maganar hali da sana'a a raina. Wani ƙanen mahaifiyata dillalin kayan gwari ne a kasuwar, kuma a lokacin yana da yara biyu da ke tsaya masa a bakin mota. Ɗaya mai zafin nama ne, bakinsa ba ya mutuwa, kafin mai taya ta rufe baki ya sallama ko ya ce albarka ya juya ga wata. Ɗayan kuwa, wanda ɗan wansa ne, mutum ne mai sanyi da tsantseni, ba ya son a ce shi ya karyar da kayan da manomi ya ba da amana. Ran nan aka yi masa tayin da yake ganin bai kai ba, ya ƙi sallamawa, ya ce zai jira masu sayen hantsi. Kafin hantsi wasu motoci sun shigo, farashi ya faɗi, rana ta buɗe, tumatirin ƙasan kwando ya fara tsiyayar da ruwa, a ƙarshe aka sayar da kayan ƙasa da tayin asuba.

Da maraice Kawu ya kira shi. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ban ga inda na yi laifi ba. Kayan mutane ne, ban so a wulaƙanta su." Kawu ya ce, "Ɗana, da ina shakkar amanarka da ban ajiye ka a nan ba. Amma tumatir ba ya jiran mai haƙuri. Daga gobe littafi da kuɗi suna hannunka, ɗan'uwanka kuma shi zai tsaya a bakin mota." Bai kore shi ba, bai kuma ce masa ya sake hali ba. Ya dai raba abu biyu waɗanda yawancinmu muke cakuɗawa, kuma cakuɗa su ɗin yana ci mana jari da lafiya da zumunci a wannan gari.

Hausa tana amfani da kalma ɗaya, hali, wajen abubuwa biyu mabambanta, kuma daga nan ruɗanin yake farowa. Akwai abin da muke cewa a jinin mutum yake: saurin fushi ko sanyin rai, son shiga mutane ko son kaɗaici, ƙarfin zuciyar faɗawa abin da ba a san ƙarshensa ba ko kuwa ɗari-ɗari da shi, iya zama wuri guda ko ƙaiƙayin ƙafa. Wannan zubin halitta ne, uwa takan gane shi a jikin ɗanta tun yana goye. Akwai kuma abin da mutum ya riƙe, wato abin da tarbiyya da addini da zaman duniya suka dasa masa har ya zama ma'aunin da yake auna abin da ya kamata da wanda bai kamata ba, kamar gaskiya da riƙon amana da zumunci da neman halal. Zubin halitta shi ke nuna irin aikin da jikin mutum da ransa za su iya ɗauka shekara da shekaru ba tare da ya gaza ba. Abin da ya riƙe kuwa shi ke nuna irin kuɗin da zai gani ya kau da kai, da irin asarar da zai yarda ya yi yana sane. Yaron Kawu bai rasa komai ba ta ɓangaren riƙo, zubinsa ne bai dace da bakin motar tumatir ba.

Wannan bambanci ya daɗe a cikin iliminmu. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi cewa yana da halaye biyu da Allah yake so, wato juriya da rashin gaggawa, kuma a ruwayar Abu Dawuda mutumin ya tambaya ko shi ya koya wa kansa su ko an halicce shi da su ne, aka amsa masa cewa a kansu aka halicce shi. Masana halayyar ɗan Adam na zamani sun iso wuri makamancin wannan ta wata hanyar. A 1956 wasu likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bibiyar yara fiye da ɗari tun suna jarirai har suka girma, suka ga cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin sha'ani ne tun farko, kashi 10 masu rigima, kashi 15 kuma masu jinkirin sakin jiki da baƙon abu, sauran ba su faɗa rukuni guda ba. Babban abin da suka fitar shi ne cewa babu zubin da yake matsala a karan kansa, matsalar tana zuwa ne idan zubin yaro bai dace da abin da gidansu ko makarantarsa ke nema daga gare shi ba. Ta ɓangaren riƙo kuwa, wani Baturen Ingila masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazari a 1974 a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka lura, a cikin goman nan babu surutu ko shiru-shiru, babu zafin nama ko sanyin jiki. Magabatanmu ba su ɗora kirki a kan zubin halitta ba, mu ne muka koma muna ɗauka cewa duk mai sanyi nagari ne, duk mai zafi kuma marar tarbiyya.

Abin da ya sa maganar ta fi fitowa fili a Legas yana cikin tarihin zamanmu a nan. Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa da yawa a Agege, inda gonakin goro suka yawaita, kuma da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko, wato Legas, da Kano a 1912 sai goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kurmi. Fatauci mai nisa irin wannan a kan baki yake tafiya tun asali. Manomi a Kura yakan ɗora kayansa a mota ya aika wa dillalin da ba lallai su haɗu sau biyu a shekara ba. Mai shanu yakan bar dabbobinsa a hannun dillali a Oko-Oba ko Alaba Rago, mahauci ya ɗauka bashi, sai ya sayar da nama ya kawo kuɗi, maigida kuma shi ne ya tsaya a tsakani ya ce ya san wannan, ya lamunce wa wancan. Babu takardar yarjejeniya, babu lauya. A irin wannan tsari amana jari ce ta haƙiƙa, wadda ake ci da ita ake sha, kuma wanda ya ci amanar mutum ɗaya a Legas labarinsa yakan riga shi isa gida, balle yanzu da kowa ke da waya a aljihu.

Sai dai garin yana da wata fuska. Legas wuri ne da ba a san ubanka ba. Ɗan ci-rani da ke kwana a shago ko a kangon da yake gadi ya yi nisa da idon liman da idon surukai da idon mai unguwa, waɗanda a gida su ne suke yi masa rabin aikin kame kai. A nan ne mutum yake gane ko gaskiyar da yake taƙama da ita tasa ce ko ta garinsu ce. Na ga waɗanda a ƙauye ba a jin kansu, suka zo nan suka zama abin misali wajen riƙon amana, na kuma ga waɗanda ake yabo a gida, shekara biyu kacal a Ikko suka watsar da komai.

Idan aka duba sana'o'in da mutanenmu suka fi yi, za a ga kowace tana da irin mutumin da take nema, kamar yadda kowace ƙasa take da irin shukar da ta karɓe ta. Goro ba ya son gaggawa. Mai goro yakan zauna ya kwance huhu, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya yana fitar da mai sankara, ya sake ganye, ya ɗaure, ya jira watanni har kasuwa ta yi kyau, don haka mai ƙaiƙayin hannu ba ya arziki da goro. Albasa tana iya kwana, tumatir da attarugu ba sa kwana. Saniya kuwa kullum ta wayi gari a kara ba a sayar ba sai ta ci kuɗin ciyawa da dusa da ruwa, saboda haka dillalin shanu yana buƙatar haƙurin da ya san iyakarsa. Ɗan canji yana buƙatar kai mai saurin lissafi da zuciyar da ba ta tsinkewa, domin tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023 an sha ganin ranar da dala ta kwana a wani farashi ta wayi gari a wani, kuma mai yawan fargaba a irin wannan aiki hawan jini zai kama shi kafin riba ta zo. Gadi yana son wanda kaɗaici ba ya damunsa, shayi yana son wanda hira ba ta gundurarsa. Duk da haka, idan yaro ya sauka a Legas daga gida, ba a cika tambayar mene ne zubinsa ba. Sana'ar wanda ya kawo shi ita ce sana'arsa. Idan wansa ɗan canji ne shi ma canji zai shiga ko da lissafi yana ba shi ciwon kai, idan ya kasa kuma a ce ba shi da zuciyar nema, ko a ce an yi masa baki. A ganina da yawa daga cikin waɗanda muke kira malalata mutane ne da aka dasa a ƙasar da ba tasu ba.

Amma ɓarnar da ta fi wannan girma tana faruwa ne a cikin zuciyar mutum shi kansa, lokacin da ya ɗauki rauninsa na halitta ya sa masa sunan ɗabi'a tagari. A nan ne nake son in daɗe, domin nan ne na fi ganin mutanen kirki suna karyewa.

Akwai wani mai shayi a Idi-Araba da na saba zama a teburinsa. Mutum ne mai fara'a, hannunsa yana da kyau a suyar ƙwai, bencinsa ba ya rabuwa da mutane tun daga magariba har tsakar dare. Wata rana na same shi yana duba wani littafin makaranta mai bango shuɗi, fuskarsa ba walwala. Littafin bashi ne, kuma ya kusa cika. Yawancin sunayen da ke ciki 'yan garinsu ne, wasu sun yi wata huɗu suna cin burodi da ƙwai da Indomie a rubuce, ga shi kuma mai kawo masa burodi ya ce ba zai ƙara sauke masa ba sai ya biya na baya. Na ce, "Malam, me ya hana ka tambaye su?" Ya ce, "Haba Yallaɓai, yaya zan dubi idon mutumin da muka yi kiwo tare in ce ya biya ni kuɗin shayi? Ai da kunya." Kalmar da ya yi amfani da ita tana cikin siffofin mutumin kirki, kuma ya yi imani da gaske cewa kirki ne yake yi. Amma da za a bi abin a hankali, za a ga cewa kunyar da addini da al'ada suka yaba ita ce wadda ke hana mutum aikata abin ƙi, ba wadda ke hana shi karɓar haƙƙinsa ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana, wanda ke nuna cewa tsare haƙƙi tsakanin 'yan'uwa ba rashin kunya ba ne. Abin da ke damun mai shayin nan nauyin baki ne, wato zubin da ba ya iya jure ganin ran wani ya ɓaci a gabansa ko na minti ɗaya. Alamar da ke bambanta su a fili take: wanda ya bayar don karamci yakan kwana da zuciya sakayau, wanda ya bayar don ya kasa cewa a'a yakan kwana yana ƙuna, yana lissafin wanda ya cuce shi. Kuma yayin da yake jin nauyin abokan kiwonsa, ya riƙe kuɗin mai burodi, matarsa a gida tana jiran abin cefane, wato ya tauye amana biyu don ya tsare abin da yake kira kunya.

Irin wannan musanyen suna yana da yawa. Mai gadin da aka riƙe wa albashin wata uku ya yi shiru yana cewa haƙuri maganin zaman duniya, sau da yawa tsoro ne ya rufe masa baki, domin mai haƙuri na gaskiya yakan iya zuwa cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, iyalina suna jira," ba tare da ya ɗaga murya ba. A ɗaya gefen kuma akwai mai zafin rai da ya mai da fushinsa gaskiya, wanda kullum yana cewa shi ba ya munafunci, alhali ya kori rabin masu sayen kayansa da baƙar magana, ya yi faɗa da 'yan kamasho a tasha, ya yi da kwandastan motar haya ta danfo a kan canjin naira hamsin. A Legas zafin ran mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. Rikicin Idi-Araba na watan Fabrairun 2002 da na Mil 12 na watan Maris ɗin 2016, waɗanda aka yi asarar rayuka da dukiya a cikinsu, duka sun faro ne daga saɓani tsakanin mutane ƙalilan kafin su rikiɗe su zama na ƙabila. Wannan ya sa dattawan Zangon Agege suke ɗaukar iya haɗiye fushi a matsayin sharaɗin zama a garin, ba ado ba.

Mata sun fi mu gane wannan lissafi, a abin da na lura. Idan matan unguwa za su zaɓi uwar adashi, ba sa zaɓar wadda ta fi kowa fara'a. Sukan nemi wadda ta haɗa abu biyu, amanar da ba za ta taɓa kuɗin zubi ba ko da ɗanta na kwance, da kuma fuskar da za ta iya tsarewa ta ce wa aminiyarta, "Yaya, ranar kwasar wance ce, ba zan ɗaga ba." Mai amana marar tsare gida adashi yakan watse a hannunta, mai tsare gida marar amana kuwa ba a ma fara da ita.

Ta ɓangaren abin da mutum ya riƙe, ana gane shi ne a ranar da ya ci masa kuɗi. Kowa mai gaskiya ne matuƙar gaskiyar ba ta da tsada. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, masu POS da dama sun ninka cajinsu ninki-ba-ninki domin mutane ba su da mafita, amma na san wanda ya tsaya a kan ƙari kaɗan, kuɗinsa suka riƙa ƙarewa tun da safe, maƙwabtansa suna yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Haka mai kayan gwari da ya ƙi jera manyan tumatir a sama ya ɓoye farfasassu a ƙasa, da mai jari-bola da ya ƙi sayen wayar lantarkin da ya san ba a bola aka tsinto ta ba. Haka kuma matashin da ya gama jami'a ya sami aikin banki a tsibirin Biktoriya amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya da harkar kuɗin ruwa. Shekaru ashirin da suka wuce irin wannan matashi zaɓi biyu gare shi, ya danne zuciyarsa ko ya bar fagen gaba ɗaya. Yau da yake bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus kuma a 2021, duka a kan tsarin da babu ruwa, ƙofa ta uku ta buɗe, kuma wannan yana nuna cewa abin da jama'a suka riƙe da gaske yakan kai ga sauya kasuwar kanta. Ban ce duk wanda ya zauna a aikinsa na farko ya yi laifi ba, malamai sun yi maganganu a kan haka kuma kowa ya san nauyin da ke kansa. Abin da na tabbatar shi ne, wanda yake aikin da ya saɓa wa abin da ya riƙe yakan biya da wani abu ko da albashin yana da kauri, ko dai barcinsa ya ragu, ko kuma riƙon nasa ya yi ta sassautawa har wata rana ya neme shi ya rasa.

Shawarar da ta fi wuya kuwa ita ce wadda abu biyu masu kyau suka yi karo a cikinta. Kusan kowane Bahaushen Legas yana da wayar da ke shigowa daga gida: an kwantar da wance, za a yi bikin wane, taki ya yi tsada, rufin ɗakin Inna yana yoyo. Zumunci ya ce ka aika, tsare jari ya ce idan ka aika yau gobe babu abin da za ka aika. Babu wanda zai ce ɗaya daga cikinsu sharri ne. A nan zubin halitta yakan shigo ta bayan gida ya yanke hukunci, mutum kuma ya ɗauka aƙidarsa ce ta yanke. Mai taushin zuciya ya kwashe uwar kuɗi ya aika ya ce zumunci, mai ƙanƙamo ya kashe waya ya ce tattali. Wanda ya san zubinsa ne kaɗai yake iya tuhumar kansa, ya ce tunda na san hannuna a sake yake, bari in yanke abin da zan riƙa aikawa duk wata in tsaya a kansa, ko kuma tunda na san ina da riƙo, bari in ɗora wa kaina kason da ba zan taɓa ragewa ba.

Ba zan so a fahimce ni da cewa komai hali ne ba, domin hakan zalunci ne ga talaka. Ranar 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, sannan ranar 1 ga Satumba ta ƙara huɗu, ciki har da Kosofe inda Mil 12 take da Mushin inda Idi-Araba take. Dubban matasanmu suka wayi gari babu sana'a, kuma babu ɗayansu da halinsa ya jawo masa. Bayan shekara guda, ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Wanda yunwa ke kora ba ya zaɓen aikin da ya dace da zubinsa. Amma ko a cikin wannan ƙunci an ga bambanci: wani ya sayar da babur ya koma gida noma, wani ya matsa unguwannin bakin iyakar Ogun, wani ya koma dako ko tura ruwa, wani kuma ya ci gaba da hawa manyan tituna a ɓoye har aka kama babur ɗin aka murƙushe. Doka ɗaya ce ta same su, abin da kowa ya yi da ɗan sararin da ya rage masa ne ya bambanta.

Saura tambayar da kowa ke yi, ko hali yana sauyuwa. Karin maganarmu ta ce hali zanen dutse ne, kuma akwai gaskiya a ciki idan zubin halitta ake nufi, domin mai shiru-shiru ba zai wayi gari ya zama sankira ba. Amma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta gyaruwa, ya ce da haka ne da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza. Ya kawo misalin ƙwallon dabino, wanda idan aka yi masa hidima zai zama bishiyar dabino amma ba zai taɓa zama tuffa ba, ya kuma bayyana cewa ba a neman a tumɓuke fushi daga zuciya, ana neman a mai da shi ƙarƙashin hankali ne. Binciken zamani ma ya nuna cewa yawancin mutane sukan ƙara natsuwa da kula da alhakin da ke kansu yayin da shekaru ke tafiya, sai dai a hankali abin yake zuwa. Kafin ya zo, hikima ita ce mutum ya tsara aikinsa daidai da zubinsa. Abu Zarri sahabi ne da aka shaida da gaskiya da gudun duniya, amma da ya nemi a ba shi muƙami Manzon Allah ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuma amana ce. Ba a rage masa daraja da wannan magana ba, an nuna masa ne cewa nagarta daban, dacewa da wani aiki daban.

Mai shayin Idi-Araba bai zama mai iya tambayar bashi ba, har yau bakinsa yana da nauyi. Ya dai aika gida aka turo masa ɗan ƙanwarsa, wani yaro mai ido a tsaye wanda ba ya jin nauyin kowa, ya damƙa masa littafin da aljihun kuɗi, shi kuma ya tsaya a kan kasko da hira. Ya kuma ware kofi biyar a kowane dare ya ce waɗannan sadaka ne, ba a rubuta su, duk wanda ya ga ba shi da hali a ba shi. Idan wani ya ce a rubuta, sai ya nuna yaron ya ce, "Ka yi magana da mai littafi." A cikin wata biyu ya biya mai burodi. Mutum biyu daga cikin abokan kiwonsa sun daina zuwa teburin, ɗayansu ma ya kai labari gida cewa Ikko ta canza shi, kuma ranar da yake gaya mini haka ya daɗe yana juya ƙwai a kasko bai ɗago kai ba.